Yadda Ake Neman Kuɗin Ruwa, ko Toshe Masa Hanya, a Gaban Alƙalin Raba Gardama

A watan Janairun 2017, kwamitin raba gardama da ya zauna a Landan ya yanke wa Najeriya hukuncin biyan kamfanin P&ID kusan dala biliyan 6.6 a kan kwangilar sarrafa iskar gas ta 2010 da aka shirya yi a Kalaba. A cikin hukuncin an ɗora kuɗin ruwa kashi 7 cikin ɗari a shekara, tun daga watan Maris na 2013. Kashi bakwai ba ya ba da tsoro a kunne, amma a kan wannan uwar kuɗin yana haifar da sama da dala miliyan 1.2 a kowace rana ta Allah. Kafin Mai Shari'a Robin Knowles na Babbar Kotun Ingila ya rushe hukuncin a ƙarshen 2023 saboda zamba da cin hanci, bashin ya haura dala biliyan 11. Wato kusan dala biliyan biyar ruwa ne zalla.

Ƙaramin ɗan kwangila ko ɗan kasuwar da ya sa hannu a takardar da ta ce "in rigima ta taso, a kai ta gaban mai raba gardama maimakon kotu" ya shiga ƙarƙashin irin wannan ikon, ko da kuɗinsa miliyan ashirin ne. Mai raba gardama ba mai sulhu ba ne da zai lallashe ku ku daidaita. Hukunci yake yankewa, kotu kuma ta tilasta a bi. Ga yadda ake bin batun ruwa a gabansa, ko kai ke bin bashi ko kai ake bi.

Mataki na 1: Ɗauko kwantiragin ka karanta, tun kafin ka kira lauya

Mai raba gardama daga yarjejeniyarku yake samun ikonsa, don haka abin da kuka rubuta shi ne gaba da komai. Ka duba ko akwai sharaɗin ruwa a kan jinkirin biya, da kashi nawa aka ambata. Ka duba ko an ce ba a biyan ruwa kwata-kwata; wasu kwangilolin suna ɗauke da irin wannan layin a can ƙarshe, inda ido ya riga ya gaji. Sannan ka duba da wane kuɗi za a biya, naira ko dala ko sefa, da kuma wace cibiya ce za a bi ƙa'idojinta.

Wannan na ƙarshen yana da tasiri. Ƙa'idojin cibiyar LCIA ta Landan sun fito fili sun ba kwamiti ikon ɗora ruwa, na kan uwar kuɗi kaɗai ko ruwa kan ruwa. Ƙa'idojin ICC ta Paris ba su tanadi haka ba, sai a koma ga kwantiragi da dokar da ke aiki.

Mataki na 2: Gano dokar da ke mulkin zaman

Dokoki biyu ake rarrabewa: dokar da ke fassara kwantiragin kansa, da dokar garin da aka ayyana a matsayin mazaunin shari'ar. Kwantiragi na iya bin dokar Najeriya alhali mazaunin Landan ne, kamar yadda kotun Ingila ta tabbatar a rigimar P&ID. Mazauni ba yana nufin otal ɗin da aka zauna ba, yana nufin ƙasar da kotunanta ke sa ido kan zaman.

In mazaunin Najeriya ne, ka san cewa abubuwa sun canza a watan Mayun 2023, lokacin da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar Dokar Raba Gardama da Sulhu, 'yan kwanaki kafin ya sauka. Tsohuwar dokar 1988 ba ta ce uffan ba game da ruwa. A wancan zamanin masu raba gardama kan jingina da ƙa'idar kotuna, wadda Kotun Ƙoli ta shimfiɗa a shari'ar Ekwunife da kamfanin Wayne a 1989: ruwan kafin hukunci sai an nema a rubuce an kuma kawo hujja, ta hanyar yarjejeniya, ko al'adar kasuwanci da aka sani, ko wata ƙa'idar adalci.

Sashe na 46 na sabuwar dokar ya buɗe ƙofar sosai. Ya fara da cewa masu rigima suna da 'yancin tsara ikon mai raba gardama game da ruwa yadda suka ga dama. In ba su tsara komai ba, to yana iya ɗora ruwa a kan uwar kuɗi kaɗai ko ruwa kan ruwa, daga ranar da ya ga ta dace, a kan kason da ya ga adalci ne. Zubin sashen kusan ɗaya yake da sashe na 49 na dokar Ingila ta 1996, shi ya sa lauyoyinmu ke kawo hukunce-hukuncen can don ƙarfafa hujja. Zaman da aka riga aka fara kafin sabuwar dokar ta fito yana nan a ƙarƙashin tsohuwar, sai ka duba ranar da aka aika takardar fara shari'a.

Ga 'yan kasuwar Maraɗi, Damagaram, Garwa da Njamena kuwa, ƙasashensu suna cikin OHADA, tsarin dokokin kasuwanci na bai-ɗaya na wasu ƙasashen Afirka, wanda ke da dokar raba gardama da aka sabunta a 2017 da babbar kotu a Abijan. A dokar cinikinsu, jinkirin biyan kuɗin kaya yana jawo ruwa a kan kason da hukuma ta ƙayyade, kuma lissafi yana farawa ne daga ranar da mai kaya ya aika takardar gargaɗin neman biya. Wanda bai aika takardar ba, ya yi ta kiran waya kawai, watanninsa sun tafi a banza.

Mataki na 3: Raba lokacin gida uku

A nan ne mutane suka fi yin asara, saboda suna ɗaukar ruwa abu ɗaya ne dunƙule.

Gida na farko shi ne daga ranar da kuɗin ya kamata a biya zuwa ranar hukunci. Dole ka kafa wannan ranar da takarda: satifiket ɗin injiniya mai duba aiki, takardar karɓar kaya mai sa hannun mai sito, ko sharaɗin da ya ce a biya cikin kwana 30. In kwantiragi bai sa rana ba, ranar takardar neman biyanka ce za ta cece ka.

Gida na biyu shi ne kuɗin da aka biya ana tsakiyar shari'a. Wasu masu taurin bashi kan riƙe kuɗi shekara biyu, da sun ga zama ya yi nisa sai su biya uwar kuɗin su ce magana ta ƙare. Sashe na 46 ya hango wannan dabarar: in kuɗin yana wuyansu ranar da aka fara shari'a, mai raba gardama na iya ɗora musu ruwa har zuwa ranar da suka biya.

Gida na uku, wanda ya fi kowanne muhimmanci a ganina, shi ne daga ranar hukunci zuwa ranar da kuɗi ya shiga asusunka. Samun hukunci daban, karɓar kuɗi daban. Wanda aka kayar yana da wata uku ya garzaya kotu neman a rushe hukuncin, daga nan ɗaukaka ƙara, kuma kowa ya san yadda shekaru ke tafiya a wannan hanyar. In hukuncinka bai ɗauki ruwan bayan hukunci ba, jan ƙafa riba ce a gare shi, kai kuma hauhawar farashi tana cin kuɗinka. A Ingila kotu ta yanke a shari'ar Walker da Rowe cewa in mai raba gardama bai rubuta ruwan bayan hukunci ba, kotun da aka kai wa hukuncin don zartarwa ba za ta cusa shi a ciki da kanta ba. Kada ka jira ka gwada sa'arka a kotun gida. Ka nema tun farko, kuma ka nemi ya hau har kan kuɗin shari'ar da aka ce a mayar maka, domin doka ta yarda.

Mataki na 4: Zaɓi kaso, ka kawo masa hujja

In kwantiragi ya ambaci kaso, shi ke nan, da wuya mai raba gardama ya kauce masa. In bai ambata ba, kada ka rubuta "kashi 25" kawai don ka ji wani lauya ya faɗa. Ka nuna daga ina ya fito. Hujja mafi ƙarfi ita ce takardar bankinka da ke nuna cewa saboda an riƙe maka kuɗi ka ci bashi a kan kaso kaza don biyan leburori da masu siminti. Bayanta sai alƙaluman Babban Bankin Najeriya na lokacin da ake magana a kai. A ƙarshen 2024 kason da Babban Bankin ya tsayar ya kai kashi 27.5, hauhawar farashi kuma ta kai kashi 34.8 a watan Disamba. A irin wannan yanayin, kashi 10 da aka saba gani a hukunce-hukuncen kotuna bayan shari'a ba ya ko rufe asarar darajar kuɗi.

Kaso kuma yana bin kuɗin da ake magana a kai. Bashin naira, kason naira. Bashin dala, kason dala, wanda yawanci ake ɗaurawa a kan SOFR, ma'aunin ruwan dala na Amurka, tun da aka daina fitar da tsohon ma'aunin LIBOR na dala yadda aka saba a ƙarshen Yunin 2023. In tsohon kwantiraginka LIBOR ya ambata, ka shirya bayanin abin da zai maye gurbinsa. Wanda ya nemi a biya shi da dala sannan ya nemi kashi 28 irin na bankunan Legas, ya nemi ci biyu, kuma mai raba gardama mai hankali zai fara zargin sauran lissafinsa ma.

Mataki na 5: Yi lissafin a tebur, ka miƙa shi

Mu ɗauki misali. Ɗan kwangila ya gina rukunin shaguna, saura naira miliyan 50 ba a biya shi ba, shekara uku cif. A kan kashi 20 a shekara, ruwan kan uwar kuɗi kaɗai miliyan 10 ne duk shekara, jimla miliyan 30. In ruwa kan ruwa ne ana haɗawa duk ƙarshen shekara, ruwan zai kai miliyan 36.4. In duk wata ake haɗawa, zai kusa miliyan 40.7. Kaso ɗaya, lokaci ɗaya, amma tazarar ta haura miliyan goma. Saboda haka in ka nemi ruwa kan ruwa, ka faɗi tsakanin da za a riƙa haɗawa: wata, wata uku, ko shekara. Ka kuma faɗi dalili, domin ikon da doka ta bayar ba tilas ba ne. Dalilin da ya fi karɓuwa shi ne cewa bankin da ka ci bashinsa haka yake lissafa maka.

Teburin ya nuna kowane biya da aka yi a tsakani da ranarsa, a cire shi daga uwar kuɗi kafin a ci gaba. A ƙasan teburin ka rubuta ruwan kwana ɗaya. A misalin ɗan kwangilar nan, in ruwan kan uwar kuɗi kaɗai ne, naira 27,397 ne. Da wannan, ko yaushe hukunci ya fito, ninkawa kawai za a yi. Masu raba gardama mutane ne masu aiki da yawa, kuma wanda ya sauƙaƙa musu lissafi yakan ga alƙalumansa a cikin hukunci.

Duk wannan ya shiga takardar da'awarka ta farko, a jerin abubuwan da kake roƙo, gida ukun nan kowanne da layinsa. Abin da ba a nema ba, ba da shi na iya zama wuce gona da iri, wanda shi kansa dalili ne na kai hukunci kotu.

Mataki na 6: In kai ake bi

Kada ka zuba duk ƙarfinka a kan uwar kuɗi ka bar ruwa ba amsa. Ka ƙalubalanci ranar farawa. Ka nuna watannin da mai da'awa ya ɓata da kansa, ko dai bai kawo takardun biya ba ko ya yi ta neman ɗage zama. In akwai ɓangaren bashin da ka san gaskiya ne, ka biya shi yanzu, ruwa ya daina hawa a kansa. In ka taɓa yin tayin sulhu a rubuce aka yi watsi da shi, ka adana takardar, ka tambayi lauyanka lokacin da ya dace a fito da ita. In kuma kason da ke cikin kwantiragi ya yi tsananin da ya fi kama da horo, ana iya kawo hujjar cewa tara ce ba diyya ba.

Mataki na 7: In ba ka son riba ta shigo cinikinka

Ga yawancin masu karanta wannan, tambayar ba ta "kashi nawa" ba ce. Ayoyin ƙarshen Suratul Baƙara sun haramta riba, aya ta 280 kuma ta ce a saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi. A ɗaya ɓangaren, hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya kira jinkirin mawadaci wajen biyan bashi zalunci. Ɗan kasuwa Musulmi yana tsakanin waɗannan biyun: ba ya son cin ruwa, ba ya kuma son wani ya juya kuɗinsa shekara uku kyauta.

Abin da ya kamata a fahimta shi ne, a ƙarƙashin dokar 2023 shiru ba kariya ba ne. In ku biyu Alhazai ne, kuka ƙulla ciniki da fatiha, amma takardarku ba ta ce komai kan ruwa ba, to mai raba gardama yana da ikon ɗora shi da zarar ɗayanku ya nema. Kuma ba lalle wanda ka ƙulla da shi ne zai nema ba: magada ne, ko sabon manaja, ko bankin da ya karɓi kamfanin. Tun ran gini, ran zane. A sa sharaɗi mai wannan ma'anar, lauya ya tsara shi da harshen kwantiragin:

"Ɓangarorin biyu sun yarda cewa mai raba gardama ba shi da ikon ɗora kuɗin ruwa ta kowace fuska, kafin hukunci ko bayansa, kuma kowannensu ya yafe duk wani haƙƙin neman ruwa da wata doka ta ba shi."

Irin wannan yafewar sananniya ce a takardun bankunan Musulunci a duniya. Sai dai kada a tsaya nan, don in ka cire ruwa ba ka sa komai a gurbinsa ba, ka ba mai taurin bashi lasisi. Hanyoyin da ake bi sun haɗa da jingina ko mai tsayawa, da sharaɗin cewa in an tsallake biya ɗaya duk sauran bashin ya wajaba nan take, da mayar da ainihin kuɗin da aka kashe wajen bin bashi kamar ladan lauya. Akwai kuma tarar jinkiri da mai bin bashi ba ya ci, sai a ba da ita sadaka, wadda ma'aunan AAOIFI, hukumar tsara ƙa'idojin bankunan Musulunci da ke Baharain, suka amince da ita. Maleshiya ta ƙara da yarda da ƙaramar diyyar ainihin asara, abin da malamai suka yi saɓani a kai. Wanne ya halatta a gare ka, wannan zancen malaminka ne, amma a yi shi kafin sa hannu. Wasu kuma sukan ƙulla farashin tun asali da dala don gudun faɗuwar naira, wadda daga wajen 460 a kan dala a tsakiyar 2023 ta haura 1,500 a 2024.

Ka kuma zaɓi mai raba gardama da ya san fiƙihun ciniki. Doka ba ta ce sai lauya ba. Kuna iya rubuta siffofin wanda kuke so a cikin sharaɗin.

Mataki na 8: Ranar da hukunci ya iso hannunka

Ka buɗe shafin ƙarshe ka karanta da biro a hannu. An faɗi kaso? An faɗi ranar farawa? An ce "har zuwa ranar biya"? An bayyana ko ruwa kan ruwa ne? In akwai kuskuren lissafi, ko ka nemi ruwa amma aka manta ba a ce komai a kansa ba, sashe na 49 na dokarmu ta 2023 ya ba ka kwana 30 daga ranar da ka karɓi hukuncin ka nemi gyara ko ƙarin hukunci, tare da sanar da ɗaya ɓangaren. Kwana talatin ɗin nan suna gudu yayin da ake ta murna da karɓar barka.

Abin da wannan sashen ba zai ba ka ba shi ne sauya ra'ayin mai raba gardama. In ya duba ya ce kashi 12 kai kana son 24, kotu ma da wuya ta taɓa. A rigimar madatsar ruwan Katse ta ƙasar Lesoto, hukumar aikin ta yi ƙorafin cewa kwamitin ya yi kuskure wajen zaɓen kuɗin biya da ɗora ruwa. A 2005 Majalisar Dattawan Shari'a ta Ingila, kotun ƙolin can a lokacin, ta ce ko da kuskure ne, kuskure wajen amfani da ikon da kake da shi ba wuce iyakar iko ba ne, hukuncin ya tsaya. Dokarmu ta 2023 ita ma ta taƙaita dalilan rushe hukunci, ta cire tsohon dalilin "rashin ɗa'ar mai raba gardama" da lauyoyi suka daɗe suna fakewa da shi. Akwai kwamitin bitar hukunci da sashe na 56 ya ƙirƙiro, amma sai in kun amince da shi a yarjejeniyarku, kuma shi ma a kan waɗancan taƙaitattun dalilan yake aiki.

Mataki na 9: Duba inda dukiyar wanda ake bi take

Yarjejeniyar New York ta 1958, wadda Najeriya, Nijar, Gana da Kamaru duk suke ciki, tana ba ka damar kai hukuncinka wata ƙasa a zartar. Amma kowace ƙasa na iya ƙin abin da ya saɓa wa tushen dokarta. A Saudiyya, dokar raba gardama ta 2012 ta shardanta kada hukunci ya saɓa wa Shari'a, don haka kotunan can ba sa zartar da ɓangaren ruwa. In ana iya ware shi, sai su zartar da sauran. Masu harkar jigilar alhazai, masauki da abinci a Makka da Madina su lura da wannan. In akwai yiwuwar can za ka bi kuɗinka, ka roƙi mai raba gardama tun a takardar da'awa ya rubuta uwar kuɗi a sakin layi ɗaya, diyya a wani, ruwa a wani daban, kowanne da adadinsa, yadda alƙalin zartarwa zai iya cire ɗaya ba tare da ya taɓa sauran ba.